Kiwon tarantula a zafin Yamai: wadda za ka fara da ita da yadda za ka gyara mata wuri

Tun da samari suka fara ganin bidiyon Turawa a TikTok suna ɗora ƙaton gizo-gizon nan mai gashi bisa tafin hannu, tambaya biyu ke yawo, ina ake samun ta kuma nawa take. Ni dai in aka tambaye ni sai in ce tsaya tukuna ɗan'uwa, ɗakinka digiri nawa shike kaiwa cikin Afrilu da ƙarfe uku na rana in kuran ya ɗauke? In ba ka da amsa to kuɗɗin farko da za ka kashe na termomita ne, ba na tarantula ba. Ka sayi ƙaramin nan na bango a farmasi ko wurin masu kayan lantarki, ka aje shi ƙasa a kusurwar da kake son sa akwatin, ka dinga dubawa safe da rana da dare.

Dalili shi ne kusan duk abin da za ka karanta a intanet kan kiwon nan mutanen Faransa da Jamus da Amurka suka rubuta shi, su kuma sanyi ne damuwarsu, shi ya sa za ka ga ana ta zancen fitilar ɗumama akwati da tabarmar lantarki. Duk wannan ka tsallake shi, mu nan ba shi da amfani, kisa ma zai yi. Yawancin waɗanda ake kiwo sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28. Yamai kuwa a Afrilu da Mayu sama da 40 muke sha kusan kullum, garin Tawa ma hakanan, ɗakin da ke da rufin kwano ba silin kuwa sai wanda ya kwana ciki. Sanyin Disamba da Janairu ba komi ba ne gare ta muddin cikin ɗaki take. Abin da ke kashe tarantula a garin nan zafi ne da maganin sauro da tururuwa da faɗowa, yunwa can baya take.

To mu zo ga zaɓe. Tarantula ta fi kala 1000 a duniya amma kai abin da ya dame ka kashi biyu ne. Akwai na nahiyar Amurka, daga Arizona har Ajantina, akwai kuma na Afirka da Asiya. Na Amurka yawancinsu suna da wani gashi mai ƙaiƙayi bisa cikinsu, in ka takura musu sai su juya baya su kakkaɓo shi da ƙafa, cizo sai an kai su bango, kuma dafin nasu ga mai lahiya bai cika wuce harbin rina ba. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashin, to makaminsu gudu ne da haƙori, dafinsu kuma na sa ciwo mai tsanani da ɗaurewar jijiyoyi da kan ɗauki kwanaki.

Nan ne mu ke da tarko, don su ne ke kusa da mu. Heteroscodra maculata daga wajen Togo da Gana take, Stromatopelma calceatum ma ta yankin Afirka ta yamma ce, Hysterocrates gigas ta Kamaru, ga kuma Pterinochilus murinus mai ruwan lemu ta gabashi da tsakiyar Afirka. In wani mai zuwa Lome ko Akara ya ce zai kawo maka ɗaya cikin kwalba da arha, ka ce mai na gode Allah shi saka. Biyun farko bisa itace suke rayuwa, kana buɗe marufi kafin ka ƙifta ido tana bisa kafaɗarka ko ta shige bayan almuwar. Ba a fara koyo da su, ballantana a gidan da ke da yara.

Waɗanda zan ce ka duba guda huɗu ne kuma dukansu na ƙasa ne, ba masu hawa ba. Aphonopelma chalcodes daga hamadar Arizona da arewacin Meziko take, launin ƙasa-ƙasa da fari-fari, sanyin hali gare ta kuma ta saba da bushewa, ni a ganina ita ta fi dacewa da iskarmu, aibinta ɗaya girma a hankali ƙwarai, shekaru za ka yi kana jira. Brachypelma hamorii ita ce mai jan gwiwa da ake yawan gani a hotuna, daga busasshen dajin gaɓar tekun Pasifik a Meziko wajen Kolima da Halisko, kyakkyawa ce tana zama fili ka gan ta amma wasu cikinsu akwai saurin watsa gashi. Grammostola pulchripes ta Ajantina da Paragwai mai ratsin zinariya a gwiwa ta fi su girma, takan kai santimita 18 in ta miƙe ƙafafu, tana cin abinci ba gardama, wanda hakan ke kwantar ma sabon shiga da hankali. Sai Tliltocatl albopilosus mai murɗaɗɗen gashi ta Nikaraguwa da Kosta Rika, ta fi saurin girma kuma galibi ta fi arha, sai dai tana son ƙasa mai ɗan danshi, lokacin hunturu sai ka sa mata ido sosai.

Kar kalmar hamada ta ruɗe ka dai. Ta Arizona ɗin ma ba a rana take wuni ba, cikin rami take kwance inda ƙasa ke da sanyi, sai dare take leƙowa. Akwatin roba a ɗakinka ba shi da wannan zurfin sai in kai ka yi mata shi.

Theraphosa blondi, ƙatuwar nan da ake ce ma goliyat, ta dajin ruwan sama ce na arewacin Amurka ta kudu, danshi take so dare da rana, manta da ita. Avicularia mai ruwan hoda a yatsu ma kyau gare ta amma tana son danshi da iska mai wucewa lokaci guda, haɗa biyun a Yamai aiki ne.

Batun girma, kar ka sayi jaririya mai santimita 1 ko 2 don ka ga ta fi arha. Ƙananan nan ruwan jikinsu ke saurin ƙarewa, wuni guda na busasshiyar iska ya ishe su. Nemi matashiya mai santimita 5 zuwa 7, ta yi ƙwari kuma za ka more ganin girmanta. In da hali a ba ka mace wadda aka tabbatar. Macen Brachypelma na iya wuce shekara 20, namiji kuwa da ya balaga shekara ɗaya ko biyu suka rage mai, kuma ba ya zama, yawo kawai shike yi cikin akwati neman mace, abinci ma ba ya damunshi. Ana gane balagaggen namijin waɗannan da dogayen ƙafafu, ƙaramin ciki, wata ƙugiya ƙarƙashin ƙafafun gaba, da kumburi a kan gajerun hannuwan nan biyu na kusa da baki. In aka miƙo maka babba da arha ka duba waɗannan tukuna. Kuma shekara 20 ɗin nan ka yi mata lissafi, za ka tahi karatu, za ka yi aure, wa zai riƙa zuba ruwa? Duk mun san hadisin matar da ta kulle mage ba ci ba saki, wanda ya kulle rai a akwati ya ɗau nauyi.

Sai takardu. Duka jinsin Brachypelma na cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, tun 1995, har da albopilosus don da can sunanta Brachypelma ne kafin a canza mata gida, Nijar kuma na cikin yarjejeniyar tun 1975. Ma'ana ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini daga ƙasar da za ta fito. Kafin ka tura ma kowa ko dala ka je ma'aikatar muhalli wurin jami'an gandun daji ka tambayi abin da ake bukata, kuma kar ka sa ɗan'uwanka mai dawowa daga Turai ya ɓoye ta cikin safa a jaka, in duwan suka gani shi za ka ja ma wahala. Ka nemi wadda aka haifa a hannun masu kiwo ba wadda aka tono daga daji ba. Lokacin kawowa kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma daga filin jirgi zuwa gida a hannu za a riƙe ta, ba a but ɗin mota ba.

Da ta iso ka dubi ciki. In ya yi ɓul-ɓul lahiya lau, in ya yamutse ƙishirwa ce, sa mata ruwa nan take. In ƙafafu sun lanƙwashe sun shige ƙarƙashin jiki wannan mummunar alama ce. Ƙafa ɗaya ta ɓace ba matsala tana sake fitowa wajen saɓa, sanƙo a bayan ciki ma gashi ne kawai ta zubar.

Akwati ba sai na gilas mai tsada ba. Robar nan mai haske mai marufi mai ƙugiya da ake aje abinci ko takalma ta isa, a Katako ko Wadata ko babbar kasuwa za ka samu. Sabuwa dai, don ta hannu ba ka san mi aka taɓa zubawa ciki ba. Faɗinta ya kai kamar sau uku na miƙewar ƙafafun gizon, kar ya wuce haka da yawa in ba haka ba abinci sai ya ɓace mata. Ka sa ƙusa a wuta ka huda ramuka jere a gefe biyu masu kallon juna don iska ta ratsa, da kaɗan a marufi, kowane rami ya zama kan gizon ba zai iya shiga ba. Kar ka sa marufin waya irin na taga, faratanta na maƙalewa a ciki ta yi ta reto har ƙafa ta cire.

Tsawo shi ne inda mutane ke ɓata abu, suna ganin dogon akwati ya fi kyau a ido. Cikin tarantula kamar ledar piya wata shike, in ya faɗo bisa abu mai ƙarfi fashewa yake kuma ba a ɗinke shi. Su kuma duk nauyinsu suna hawan roba da gilas. Don haka daga saman ƙasa zuwa marufi kar ya wuce miƙewar ƙafafunta sau ɗaya da rabi. Ka cika fiye da rabin akwatin da ƙasa, wanda dama shi muke so saboda zafi.

Ƙasar da aka fi amfani da ita garin ɓawon kwakwa ne da ake sayarwa dunƙule a jiƙa shi ya kumbura, in mai kawo maka gizon zai haɗo da shi to madalla. In babu, ƙasar gona mai laushi wadda ba a sa ma takin zamani ko kashin dabbobi ko feshi ba, ka tankaɗe ta, ka haɗa da ɗan rairayi kaɗan, ka shanya bisa kwano a rana ta gasu. Ƙasar masu sayar da shuke-shuke na bakin kogi ka yi hankali da ita, yawanci da taki a ciki. Rairayi zalla ba ya riƙe rami, tsakuwa kuma na ji mata ciwo. Wajen zubawa ka ɗan jiƙa ta ƙasan, ka danna da hannu ta kama, ta saman ka bar ta bushe. Sai maɓoya, sakaina ko rabin ƙaramin kasko ka goge bakin ya daina kaifi, ka kifa ka binne rabi, ka fara mata ɗan rami da yatsa a ƙarƙashi. Sakaina na yin fumfuna da damana, in ka gani ka canza. Ruwa kuma a marufin kwalba mai faɗi ko ƙaramin faranti mara zurfi, ba soso ba auduga, wannan tsohon zance ne, ƙazanta kawai suke tarawa. Tana sha da bakinta kai tsaye. Da hunturu ruwan nan kan ƙafe cikin wuni guda, kullum ka leƙa. Kuma gizo ɗaya akwati ɗaya, in ka haɗa biyu da safe ɗaya za ka tarar, mai ƙiba.

Inda za ka aje akwatin ya fi akwatin muhimmanci. Ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, nesa da taga, kar hasken rana ya taɓa shi ko na minti goma don roba na tara zafi nan da nan. Kusa da ƙasa ya fi, bisa ɗan gajeren tebur. Ɗakin laka mai kaurin bango ya fi na siminti da kwano nesa ba kusa ba, kusa da randar ruwa ma akwai ɗan sauƙi. In kana da kilim to, amma kar iskar ta buga akwatin kai tsaye, kuma ka yi shirin ranar da wuta za ta ɗauke. Shirin shi ne ka riƙa aje gorar ruwa biyu a firigo su daskare, in termomita ya haura 32 ka naɗe gora da tsumma ka aje ta gefen akwatin daga waje, ko ka sa su duka cikin babbar kular ƙanƙara ka bar marufin a ɗan buɗe, gora na gefe ɗaya akwati na ɗaya gefen. Kar ƙanƙara ta taɓa robar. Jiƙaƙƙen zane bisa rabin akwatin da bantilato na kaɗawa daga nesa ma na rage zafi ƙwarai a busasshiyar iskar bazara. Bantilato shi kaɗai ba ya mata komi don ba ta zufa. In ka ga ta haye bango ta manne can sama ko ta kwanta bisa ruwa da tsakar rana duba termomita.

Maganin sauro kuwa wallahi shi ya fi ban tsoro, don ba kai kaɗai ke gidan ba. Bom ɗin feshi, piya-piya, na ƙonawa mai hayaƙi, garin kyankyaso, duk an yi su ne don kashe irin waɗannan halittu, ita kuma da huhu huɗu take numfashi a ƙarƙashin ciki, abin da ke cikin iska shi take sha. Damana na zuwa kowa ya fara fesa ɗaki da magariba. Ka zauna da Hajiya ko uwargida da duk mai share ɗakin ku yi magana a fili, ɗakin nan ba a fesa shi, in kuma dole ne a fitar da akwatin zuwa wani wuri sai bayan kwanaki an buɗe tagogi. Sange mai magani kar ka daina kwana ciki saboda gizo, zazzaɓin sauro ba wasa ba ne, kawai akwatin ya yi nisa da shi kuma ka wanke hannu da sabuni kafin ka taɓa ruwanta. Hakanan in ka shafa ma rago ko kare maganin kaska. Turaren wuta da hayaƙin taba ma a nisanta.

Tururuwa da kiyashi na shiga ta ramukan iska, in suka same ta tana saɓa sun gama da ita. Sa ƙafafun tebur cikin gwangwanaye masu ruwa ko ka shafe su da basilin, kuma kar tebur ya jingina da bango. Marufi kullum a ƙulle saboda mage da yara masu son leƙe.

Abinci sai mai rai, gyare ko kyankyaso ko tsutsar dussa, girmansa kar ya wuce cikinta. Matashiya sau ɗaya a sati ya isa, babba kwana 10 zuwa 14. Kyankyason bayan gida ko na kicin kar ka ba ta, wataƙila ya riga ya taka magani shi ya sa ma ka iya kama shi. Farar kasuwa soyayya ce ba ta ci, mai rai ta gona kuma ana feshi. Abin da ya fi ka yi naka kiwon a wata roba daban da dussa da guntun karas da kwalin ƙwai, ka fara shi tun kafin gizon ta iso, ka riƙa ba ta 'ya'yan da aka haifa a hannunka. Da dogon hantsaki za ka jefa, ba da yatsa ba. Abin da ba ta ci ba zuwa washegari ka cire, da ɗan dunƙulen ragowar da take yarwa a kusurwa, shi ke jawo fumfuna cikin Agusta. Satin farko ma kar ka ba ta komi, ruwa kawai, ta saba da wuri.

Wata rana za ta ƙi abinci, sati biyu, wata guda, ta Arizona har watanni, ta toshe bakin raminta da ƙasa da yana. Kar ka tona. In cikin bai yamutse ba saɓa ke tahe, za ka ga sanƙon bayanta ya yi baƙi yana ƙyalli. Sai ka wayi gari ka gan ta kwance rigingine ƙafafu sama, nan ne sabon shiga ke cewa ta mutu ya ɗauka ya yar ko ya juya ta da tsinke. Mai mutuwa ba ta juyewa, naɗe ƙafafu take a ƙarƙashinta. Wagga saɓa take, kar ka taɓa, kar ka fesa mata ruwa, kar ka girgiza tebur, kuma a tabbata ba gyare ko ɗaya a ciki don sai ya ci ta da rai. Awoyi take ɗauka. In ta fito jikinta laushi ne, haƙoran farare, daga baya su yi ja sannan baƙi, sai sun yi baƙi ƙirin ake ba ta abinci, sati guda ga matashiya, biyu ga babba. Tsohuwar fatar ka ɗauko ka jiƙa ta da ruwa mai ɗan sabuni ka buɗe wajen ciki, tsakanin huhu biyun gaba in ka ga wani ɗan leɓe ya ɗago to mace ce.

Ɗauka a hannu ni ba na goyon baya. Ba ta san ka ba kuma ba za ta taɓa sanin ka ba, ba abin da take ƙaruwa da shi, kai ne kawai ke samun hoto, in ta zabura ta faɗo daga tsayin ƙirji shikenan. Gashin nan ma in ya hau fata ƙaiƙayi ne na kwanaki, ka manna sikoc ka ɗaye sannan ka wanke, in ya shiga ido kar ka murza, ka wuce wurin likitan ido ran nan. Kar ka riƙa kai fuska bakin akwati. In za ka canza mata gida ka zauna ƙasa, ƙofa a rufe, ka sa akwatin biyu cikin babban baho, ka kifa mata kofin roba mai haske, ka zura kwali a ƙarƙashi, ko ka riƙa taɓa ƙafafun bayanta da buroshi mai laushi ta shiga da kanta.

In kuma ta kuɓuce, rufe ƙofa ka toshe ƙasanta da tsumma, ka faɗa ma mutanen gida kar wani ya gan ta ya sauke mata takalmi. Ba ta nisa, wuri mai duhu mafi kusa take nema, bayan almuwar, ƙarƙashin katifa, cikin takalma. Aje faranti mai ruwa a gindin bango, kashe fitila, bayan isha ka bi gefen bango da tocila da kofinka a hannu. Kayan ɗaki ɗaga su za ka yi a hankali, kar ka ja su bisa ƙasa.